Takardar Poli Da Ta Jami'a

'Yar uwa, sau nawa kika ji uwa tana cewa, "Ai bai samu jami'a ba, sai Poli," murya ƙasa-ƙasa kamar mai sanar da rasuwa? To, wannan raini yana da tarihi, bari in ɗan gutsura miki.

Tun zamanin Turawa ƙasar nan take kukan ƙarancin masu ilimin aikin hannu. A 1947 aka buɗe makarantar koyon fasaha ta Yaba a Ikko, a 1956 aka buɗe ta Kaduna, wadda ta zama Poli a 1968. Da kuɗin man fetur suka shigo bayan yaƙin basasa, sai ga ayyuka birjik, tituna, masaƙu, madatsun ruwa irin na Tiga, amma masu haɗa inji da gyara shi sau da yawa sai an ɗauko su daga waje.

Ganin haka gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar NBTE a 1977, mai hedikwata a Kaduna, don ta tsara karatun waɗannan makarantu. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wai yaro ya taɓa zarto da waya tun yana ƙaramar sakandare. Aka sayo injina daga Turai, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, ba wuta, ba malami.

Amma ni a ganina babban ciwon ba nan yake ba. Gwamnatin da ta gina Poli ita ce kuma ta fifita mai digiri kan mai takardar HND wajen ƙarin girma a aikinta. Kin ga an ba ka da dama, an karɓe da hagu. A 2021 majalisar tarayya ta amince da dokar soke bambancin, har Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa hannu ba.

Mu ma iyaye mata da namu laifin. In manema biyu suka zo, mai ofis muke shimfiɗa wa darduma, mai baƙin mai a riga kuwa daga zaure. Alhali ranar da famfo ya ƙafe ko firij ya tsaya, shi za mu aika a nemo.

Don Allah in ɗanki ko 'yarki suka nuna son ƙere-ƙere, kar ki kashe musu gwiwa. Ki rangaɗa guɗa ranar da Poli ta ɗauke su.

Allah ya shirya mana zuriya, amin.