Akawunan Banki a Fagen Daga

Jama'a, idan an ce ma'aikacin banki, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mutum mai tsaf-tsaf, zaune bayan kanta yana ƙirga kuɗi. To, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, watau daga 1914 zuwa 1918, irin waɗannan mutane dubbai ne a Ingila suka ajiye alƙalami suka ɗauki bindiga.

Da yaƙi ya ɓarke, hukuma ta lura samari sun fi yarda su shiga soja idan an haɗa su da abokansu. Saboda haka aka riƙa kafa bataliyoyi na 'yan gari ɗaya ko 'yan sana'a ɗaya. A watan Yuli na 1915 Magajin Garin Landan ya tara akawunan banki da masu lissafin kuɗi, aka yi musu tasu, ita ce bataliya ta 26 ta rundunar Royal Fusiliers. Kowa dai Bataliyar 'Yan Banki yake ce mata.

An haye da su Faransa a watan Mayu na 1916. Ran 15 ga Satumba suka shiga gumurzun ƙauyen Flers a yankin kogin Somme, ranar da aka fara amfani da tankar yaƙi a duniya. Nan fa aka ga aibin wannan dabara: waɗanda suka tafi tare, tare wuta ke cin su.

Hasarar ba kaɗan ba ce. Bankin Midland ya rasa ma'aikata 717, Barclays 645, Babban Bankin Ingila kuwa 71. Bankuna da yawa sun yi wa masu tafiya alkawarin ajiye musu gurbinsu, amma ga ɗaruruwa da ba su dawo sun karɓa ba.

To, wa ya riƙe aiki a bayansu? Mata ne. Kafin yaƙi da wuya ka ga mace a banki, sai 'yan ƙalilan. Da maza suka yi ƙaranci, musamman bayan dokar shiga soja dole ta 1916, sai aka ɗebi 'yan mata aka danƙa musu littattafan ajiya, suka kuwa riƙe amana.

Sai dai an rubuta su ne a matsayin ma'aikatan wucin gadi. Da sojoji suka dawo, aka sallami da yawansu domin a cika wa mazan alkawari. Waɗanda suka rage, ƙa'ida ita ce duk wadda ta yi aure ta bar aiki. Haka aka yi ta tafiya, sai a 1958 Barclays ya naɗa Hilda Harding manajar reshe a Landan, mace ta farko a bankunan Ingila.

Ke nan shekara 40 cur tsakanin ƙarewar yaƙin da hawan mace wannan kujera. Lallai mai haƙuri ya kan dafa dutse.