Wa Ya Ɗaura Bakan Gizon Gidan Sarkin Daura?

Ka tambayi duk mutumin Daura shekarun Gidan Sarki, amsar ɗaya ce: tun zamanin Magajiya Daurama. Labarin da aka gada ya ce sarauniyoyi ne suka fara mulki a Tsohon Birni, sannan Daurama ta taso da jama'arta zuwa inda rijiyar Kusugu take, inda Bayajidda ya kashe macijiya. Marubuta da dama suna kai wannan zamani wajen ƙarni na 10. In haka ne, gidan ya girmi manyan majami'un dutse na Turai masu salon ginin Rumawa, irin ta Durham a Ingila da aka aza harsashinta a 1093. To, amma ginin ƙasa yana shekara dubu a tsaye, damina tana dukansa kowace shekara?

Magina su ne shaidun farko, ko da yake ba a cika tambayarsu ba. Bangon gidan sarauta da tubali ake tayar da shi, wanda aka mulmula da hannu aka shanya a rana. Rufi kuwa azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya domin gara ba ta cinta. Matsalar azara ita ce ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita 2. Sarki kuma yana bukatar zauren da zai ci fadawa da hakimai. Daga wannan bukata aka samu bakan gizo: magini yana dasa azara cikin bango, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, ya sake ɗora wata, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna aka ɗaura musu rufi, shi ne ɗaurin guga.

A ido, bakan nan ya yi kama da na majami'un Turai na ƙarni na 11 da na 12, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Nasu duwatsu ne da aka sassaƙa suna danne juna, sai an kafa musu katako sun zauna kafin a cire, nauyinsu kuma yana tura bango waje, shi ya sa bangayen suke da kauri, tagogin ƙanana. Namu itace ne a cikin ƙasa, yana riƙe kansa tun ana ginawa. Wanda ya ce daga Turai aka kwaso shi bai taɓa ganin ana ɗaura shi ba.

Daga ina ya zo ke nan, kuma yaushe? Nan ne zaren ya sarƙe. A 1824 wani Bature mai suna Kilafatan ya tarar ana gina masallacin Waziri Giɗaɗo a Sakkwato, ya ga bakuna, ya kuma rubuta cewa maginin mutumin Zazzau ne wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar. Bayan haka, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, inda fasahar ta kai maƙura. Wasu masana, irin su Labelle Prussin, suna ganin tushen bakan yana cikin tanƙwararrun sandunan bukkokin makiyaya. Ni dai na fi karkata ga wannan, domin ɗaurin itace da igiya ya fi kusa da bukka fiye da ginin dutsen Masar. Ko ma wanne ne, shaidar da ke rubuce ba ta kai bakan gizo zamanin Daurama ba.

Sai kuma tarihin gidan kansa. A 1805 Malam Ishaku ya ci Daura da tutar jihadi, sarkin da ke kai, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure. Kimanin shekara 100 birnin yana hannun sarakunan Fulani, kafin Turawa su dawo da sarautar ga tsohuwar zuriya ta hannun Malam Musa. Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Gidan da ya ga irin wannan sauyi, kowane sarki da abin da ya rusa da abin da ya ƙara, ga yaɓen makuba da laso da ake sabuntawa kafin ruwa ya sauka. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma, wadda ake danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, sai da aka yi mata babban gyara a zamanin Sarki Dikko.

Hukuncina shi ne, mutanen Daura suna da gaskiya game da wurin, amma ba game da bangon ba. Filin tsoho ne ƙwarai. Ƙasar da ke tsaye a kansa aikin magina ne bayan magina, waɗanda ba a ajiye sunayen yawancinsu ba. Wannan bai rage wa gidan daraja ba ko kaɗan. Abin da yake damuna shi ne siminti, wanda yake kulle danshi cikin bangon ƙasa ya ruɓar da azara, yana kuma raba samari da sana'ar iyayensu.

Akwai hanyar sanin shekarun wurin. An haƙa kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani a 1907, aka sake a 1992, kayan da aka tono suka nuna sarauta mai arziki tun wajen ƙarni na 14. Tsohon Birni ya cancanci irin wannan aiki. Ina roƙon Masarautar Daura da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da masana haƙar tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa hannu a kansa, su kuma zauna da tsofaffin maginan Daura a naɗi abin da suka sani tun suna da rai.