Kujera, Kotu da Alkyabba: Asalin Sunayen Majami'un Roma

Bahaushe ya ce coci ko majami'a, magana ta ƙare. Amma mai yawo da ƙafa a tsohon birnin Roma zai ga suna yana sauyawa daga ƙofa zuwa ƙofa: nan basilica, can cappella, gaba kuma cattedrale. Baƙo yakan zaci girman gini ne ya raba su, alhali tarihi ne ya raɗa wa kowace sunanta.

A tambayi baƙon wace ce uwar majami'un birnin, nan take zai nuna ta Bitrus da ke Batikan, mai ƙatuwar ƙubba. Sai dai uwar majami'u ita ce cattedrale, wadda ta samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin kujera, wato majami'ar da kujerar bishop take. Kujerar Fafaroma a matsayinsa na bishop ɗin Roma tana San Giovanni in Laterano, a hayin kogin Tiber, wadda aka keɓe a shekara ta 324 zamanin Sarki Kwanstantin. Ai inda sarki ke zama nan ce fada, ko da gidan attajirin gari ya fi ta girma.

Basilica kuwa ta girmi addinin Kirista. A kangon Forum, dandalin tsohon birnin, har yau ana ganin guntayen ginshiƙan Basilica Aemilia, wadda aka gina a shekara ta 179 kafin haihuwar Annabi Isa. Irin waɗannan gine-gine dogayen zauruka ne masu jerin ginshiƙai, inda ake shari'a da ciniki. Da aka sakar wa Kiristoci mara a shekara ta 313, wannan tsari suka ɗauka, domin ɗakunan gumaka na gunki ne kaɗai, masu bauta a waje suke tsayawa, su kuwa suna neman inda jama'a za ta taru. Inda alƙali ke zama, nan bagade ya koma. Yau basilica sarauta ce da Fafaroma ke bai wa majami'a, kuma manyan huɗu ne, duk a Roma.

Cappella daga tufa ta fito. An ce a ƙarni na 4 wani soja mai suna Martin ya tarar da mabaraci yana rawar ɗari a ƙofar garin Amiens, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Sarakunan Farankawa suka adana ɗaya rabin, ɗakin ajiyar ya gaji sunan 'yar alkyabbar, wato cappella. Shi ya sa Cappella Sistina, inda ake zaɓen Fafaroma, wadda Mikelanjelo ya zana rufinta daga 1508 zuwa 1512, take amsa sunan tufar soja.

Har a jikin dutse kalma ta bar tabo. A San Pietro in Vincoli, wato Bitrus cikin sarƙa, sarƙoƙin da aka ce an ɗaure Bitrus da su suna nan a akwatin gilashi ƙarƙashin bagade. Daga dama akwai mutum-mutumin Musa da Mikelanjelo ya sassaƙa, a zaune, gemu har ciki, da gajerun ƙaho biyu a ka. Daga ina ƙahon? A Ibrananci, kalmar da ta bayyana hasken fuskar Musa bayan saukowarsa daga dutsen Sina'i tushenta ɗaya da kalmar ƙaho. Tushen nan ba baƙo ba ne gare mu: shi ne cikin Zulƙarnaini. Da wani malamin Kirista mai suna Jerom ya mayar da Littafi Mai Tsarki Latinanci wajen ƙarshen ƙarni na 4, sai ya zaɓi cornuta, mai ƙaho. Masana na sa-in-sa kan ko tuntuɓe ya yi, ko ƙaho alamar ƙarfi da ɗaukaka ce a wurinsa. Masu zane dai ba su jira hukunci ba. Bayan fiye da shekara dubu, abin da littafin Latin ya faɗa shi Mikelanjelo ya sassaƙa.