Asalin Kabad Mai Ƙyalli na Ƙasar Koriya

A ƙasar Koriya akwai wata bishiya da ake tsaga bayanta lokacin zafi, ta zubo da ƙaro fari-fari wanda yake rikiɗa baƙi idan ya sha iska. Ɗanyensa mugu ne, in ya taɓa fata sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Rana kuma ba ta busar da shi, sai an sa shi a ɗaki mai laima sannan ya ƙame. Amma in ya ƙame, ruwa da gara ba sa cin katakon da aka shafa wa. Wannan ƙaro shi ne mafarin sana'ar da mutanen ƙasar suke kira najeon chilgi, wato shafen ƙaro da aka yi wa ado da ɓawon katantanwar teku.

Tun kafin haihuwar Annabi Isa suke shafa ƙaron, domin an tono kayansa a kaburburan wani wuri da ake kira Daho-ri. Adon ɓawo kuwa bai bunƙasa ba sai zamanin daular Goryeo, wadda ta yi mulki daga 918 zuwa 1392. Wani jakadan Sin, Xu Jing, ya zo ƙasar a 1123, ya koma gida ya rubuta yabon kyan aikin. A 1272 fada ta buɗe ofishi musamman don ƙera akwatunan ajiye littattafan addinin Buddha. Waɗannan akwatuna su ne kakannin kabad mai ƙyalli. An lulluɓe su da furanni ƙanana ƙwarai, an murɗa siririyar waya ta zama reshe. Abin takaici, kayan wancan zamani da suka rage a duniya ba su fi ashirin da 'yan kai ba, da yawansu ma suna Japan.

A zamanin daular Joseon aikin ya bar ɗakunan ibada ya shiga gidaje. Ɗakin maigida katako ne zalla, don malaman ƙasar suna ganin ƙyalli bai dace da namiji mai ilimi ba. Ƙyallin sai ya tare a ɗakin uwargida: jang, kabad mai hawa biyu ko uku, da nong, akwatunan tufafi da ake ɗora ɗaya bisa ɗaya. Jan shafe na gidan sarauta ne, sauran jama'a sai baƙi. Zanen ma da manufa: jemage fatan alheri, inabi fatan 'ya'ya da yawa.

Garin da ya yi fice shi ne Tongyeong, a bakin tekun kudu. A 1604 aka mayar da hedikwatar sojan ruwa can, masu sana'a suka taru a rumfuna goma sha biyu, ga katantanwa kuma a ƙofar gida. Kafinta zai haɗa kabad, a manna masa ƙyallen rama, a shafe da ƙaro haɗe da garin ƙasa. Sai a goge ɓawon har ya yi siriri kamar farce, a yanka, a jera ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a binne adon duka cikin ƙaro, shafi kan shafi, a yi ta gurzawa da gawayi har ɓawon ya sake fitowa daidai da fuskar katakon. Kabad guda kan ci watanni, kuma a ganina wannan haƙurin ya fi ƙyallin daraja.

A 1966 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa sana'ar cikin kayan gadon ƙasa. A shekarun 1970 babban kabad baƙi mai ƙyalli shi ne burin amarya a kayan ɗakinta. Da mutane suka koma gidajen bene masu ƙananan ɗakuna, da yawa suka fitar da shi, dillalan tsofaffin kaya suka kwashe.