Magina Rijiya da Ramukan Zamani a Jigawar Maraɗi

Yawancin ƙauyukan da ke shimfiɗe a jigawar Maraɗi, daga Gidan Rumji da Sae Sabuwa har zuwa Agye da Gazawa, rijiya ce ta kafa su. A ƙarni na 19, bayan jihadin 1804 ya raba sarakunan Katsina da birninsu suka kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, jama'a ta takure ne a bakin gulbi, inda akwai kurmin ɓuya, ruwa kuma yana kusa. Jigawa a lokacin dajin mafarauta ce da mahara. Sai da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, zamanin Faransawa, manoma suka fantsama kan tudu suna saran daji. To amma gona ba ta zaunar da mutum in babu ruwan rani, kuma ruwan da ake cimma a gaba biyu ko uku cikin fadamar Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba, a kan tudu sai an nutsa gaba ashirin ko fiye. Don haka kafin a ɗora jinkar farko sai magini ya shiga ƙasa. Wannan yanki ya gaji tsohuwar sana'ar shiga rami a fito lafiya, kuma ina ganin leburan da ƙasa ke ruftawa da su yau a wuraren gine-gine suna biyan kuɗin watsi da tsarin wannan sana'a ne.

Ƙasar jigawa mayaudariya ce. Samanta yakan yi tauri da rani har dagi ya riƙa tsalle, amma ƙasa kaɗan sai a tarar da rairayin da ke zuba da kansa. Maginin gargajiya ya san haka, shi ya sa ba ya tsere wa ɗaurinsa: ya gina kamar tsayin mutum, ya tsaya, ya kewaye bangon da itace, ya cusa ciyawa ta baya don kada rairayi ya tsiyayo, sannan ya ci gaba. A bakin rijiya ana gitta manyan itatuwa masu jure gara irin ƙirya, waɗanda igiya ke ci shekara da shekaru har ta yi musu zane-zane masu zurfi. Ƙasar da aka jawo cikin kwando ko wasaki ba a jibge ta a gaɓa. Yara ne ke kwashe ta su zubar can nesa. Mutum ɗaya ke aiki a ƙasa, ana canza shi kafin ya galabaita, na sama kuma ba sa sakin igiya ko da kiran abinci aka yi, domin da girgiza igiyar yake musu magana. In za a yashe tsohuwar rijiya, sai a fara zura fitila; in ta mutu, babu mai sauka sai an kaɗa iskar da rassan ganye. Aikin na rani ne, ba a yin sa da damina. Sama da duk wannan, akwai maigidan aiki wanda in ya leƙa ya ce "yau ba a shiga", ko maigari ba ya musa masa, domin gari ne ke jiran ruwan, kuma gari ne zai ɗauki gawar.

Zuwan siminti bai rushe wannan tsari ba, ƙarfafa shi ya yi. Tun zamanin Faransawa aka fara shafe bangon rijiya da siminti da ƙarfe. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta OFEDES a 1963, wadda rijiyarta mai faɗin mita 1.80 ta zama abin koyi a ƙauyuka. Yadda ake gina ta shi ne a haƙa kamar mita ɗaya, a kafa ƙarfen zubi, a zuba kankare, a jira ya kama, sannan a sake nutsawa. In an kai ga ruwa sai a zura zobban siminti masu huji, ana ƙwaƙule ƙasar ƙarƙashinsu suna sauka da nauyin kansu. Ka'idar kakanni ce cikin sabon kaya: mutum ba ya tsayawa ƙarƙashin bangon da ba a ɗaure ba. Abin ya fara sauyawa bayan farin 1973 da na 1984, da kuma shekarun ruwan sha da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware daga 1981 zuwa 1990, lokacin da rijiyar burtsatse ta yawaita. Alheri ne babba, domin inji ke huda ƙasa babu mai sauka. Sai dai samari sun rage zama gaban tsofaffin magina, a daidai lokacin da ƙasar ta shiga buƙatar wasu irin ramuka: tushen gini, lambatu, layin bututun ruwa, ramin masai, da wuraren ɗibar yashi da laka.

Waɗannan sababbin ramuka sun fi rijiya haɗari ta wata fuska da ido ba ya saurin kamawa. Rijiya da'ira ce, kowane ɓangare na bangonta yana tokare da na kusa da shi. Dogon rami mai miƙaƙƙen bango ba shi da wannan gata. Gefensa a sake yake, kuma in zai ɓalle faifai guda yake ɓallewa cikin ƙiftawar ido. Ƙasar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi takan kai tan ɗaya da rabi, kamar buhun siminti talatin. Ba sai ta rufe kai take kisa ba. In ta kama mutum zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse shi. A kan wannan sai a ɗora yadda ake aikin: ana biyan lebura bisa mitar da ya haƙa, don haka lokacin da zai ɓata wajen tokare bango daga aljihunsa yake fita, ana tara ƙasar a gaɓa don saurin mayarwa, motar yashi tana fakawa dab da ramin, ana ci gaba da aiki washegarin ruwan sama. Kuma babu mai ikon cewa a dakata. Mafi munin misalin rami marar maigida a jihar Maraɗi shi ne na Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa, inda aka gano zinariya a 2021, dubban mutane suka yi dafifi suna haƙa ramuka kusa da juna, har ƙasa ta rufta ranar 7 ga Nuwamba ta kashe aƙalla mutum 18. Ba wurin gini ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne.

Mai musu zai ce ana ƙawata zamanin da ne kawai, alhali rijiyoyin gargajiya ma sun ci mutane. Gaskiya ne sun ci. Itace yana ruɓewa, rijiyar jigawa takan rufta bayan 'yan shekaru, igiya tana tsinkewa, gwajin fitila kuma ba ya kama kowace mugunyar iska, balle hayaƙin injin jan ruwa da ake kunnawa cikin rijiya a yanzu. Babu mai hankalin da zai ce a koma ɗaurin ciyawa. Abin da ya cancanci gado shi ne yadda sana'ar ta ɗauki kowane hatsari darasi, ta mayar da shi doka, ta kuma damƙa dokar a hannun mutum ɗaya da ake jin maganarsa. Dokokin ƙasashen da suka ci gaba ma a nan suka tsaya. A Faransa, tun dokar 8 ga Janairun 1965, ƙuntataccen rami mai miƙaƙƙen bango da zurfinsa ya wuce mita 1.30 dole a tokare shi. A Amurka, hukumar OSHA ta wajabta kariya daga zurfin mita ɗaya da rabi, da janye ƙasar da aka haƙo aƙalla santimita 60 daga gaɓa, da tsani a kusa, da ƙwararren da zai duba ramin kullum da kuma bayan ruwan sama, mai ikon fitar da kowa. Duk da haka ma'aikata 39 suka mutu a irin waɗannan ramuka a Amurka cikin 2022, galibi inda aka taka dokar.

Musu na biyu na kuɗi ne: ɗan kwangilar da ke gina aji biyu a ƙauye ina ya ga kuɗin allunan ƙarfe? Amsar ita ce mafi yawan kariyar ba ta buƙatar su. A ƙauye fili ba ya tsada, don haka ana iya kwantar da bangon rami ya yi gangare ko a yi masa matakala. Matsar da tulin ƙasa taki biyu baya, ajiye tsani, hana mota matsowa, tsayar da mutum a sama, duk ba sa cin buhun siminti ko ɗaya. Katakon da za a tokare bango da shi kuwa shi ne dai zai yi aikin zubin kankare daga baya. Musu na uku shi ne na ƙaddara, cewa wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarma sai ya tafi. Malamai sun daɗe da raba gardamar nan, cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma maginan da suka fi kowa yawan addu'a kafin su kama igiya su ne suka fi kowa duba ƙullinta.

Nijar tana da dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin lafiyar ma'aikacinsa, amma mai binciken ƙwadago da ke zaune a Maraɗi ba zai iya leƙa kowane ramin masai a Sae Sabuwa ko Gazawa ba, kuma yawancin leburan ba su da rajista ko'ina. Inda gyara zai yiwu shi ne hannun masu ba da kwangila: magadan gari, ƙungiyoyin agaji, kwamitocin masallatai da makarantu. Su rubuta cikin yarjejeniya cewa duk ramin da ya kai ƙirjin mutum sai an tokare shi ko an kwantar da bangonsa, a ware kuɗin hakan daban da ladan mita, a kuma ambaci sunan wanda ke da ikon tsayar da aiki ba tare da an zaftare wa lebura ladan ranar ba. Masu idon da wannan aiki ke buƙata suna nan: tsofaffin maginan rijiyar siminti da ke zaune a ƙauyuka, waɗanda ke gane ƙasa mai shirin ɓallewa daga tsagar gaɓa da zubar rairayi. A ɗauke su aiki su koya wa samari tun suna da ƙarfin tsayawa a bakin rami.