Laceration: Asalin Kalmar da Abin da Take Nufi

Laceration kalmar Turanci ce da ake kiran raunin da ya samu ta hanyar yagewar fata ko nama da ita, aikatau ɗinta kuwa shi ne lacerate. Tushenta Latin ne, harshen Rumawan dā. A can, lacer na nufin abin da aka yi wa kaca-kaca, daga gare shi aka sami aikatau lacerare, wato a yayyaga. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da lakis ta tsohon Girkanci, mai nufin tsumma ko ƙyallen da ya yage. Hoton da ke cikin kalmar ke nan tun farko: tufa da aka fizga ta ɓarke, bakinta ya yi zare-zare.

Aikatau ɗin ya shiga Turanci a ƙarni na 15, sunan ya biyo baya wajen ƙarshen ƙarni na 16. Ba rashi ne ya sa aka aro kalmar ba, domin Ingilishi yana da nasa na gado, tear da rend. Sai dai a lokacin Latin ne harshen malamai da likitoci a Turai, shi ya sa baƙuwar ta sami mazauni a littattafai, 'yan gida suka tsaya a bakin jama'a. Ta kuma taho da ma'anarta ta aro, don Rumawa kan yi amfani da lacerare wajen ɓata sunan mutum, kamar yadda Bahaushe ke cewa an keta wa wane rigar mutunci.

A fagen binciken raunuka ne asalin kalmar ya fi amfani. A nan laceration rauni ne da abu marar kaifi ya jawo, kamar sanda, dutse ko faɗuwa a kan kwalta. Ya fi faruwa inda fata ke kwance kan ƙashi, irin su ƙoƙon kai, gira da ƙwauri. Bakinsa ba ya daidaita, gefensa kan yi ƙujewa ko kwanciyar jini. Idan aka buɗa shi aka duba ciki, sai a ga siraran jijiyoyi da zaren nama sun tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan, ba su tsinke ba. Wuƙa ko reza ba ta barin haka. Takan raba komai sumul, kuma irin raunin nan sunansa incised wound.

Duk da haka, a ɗakunan gaggawa an saba rubuta laceration kan kowane buɗaɗɗen rauni, har da yankan wuƙa. Wannan sakaci ne mai illa. Takardar likita kan je gaban alƙali, kuma tambayar ko da gora aka bugi mutum ko da adda aka sare shi tana iya rataya ga wannan kalma ɗaya.

Hausa ba ta da wannan ruɗani, domin yanka daban, yaga daban, ga kuma rotse, wanda ya keɓanta da fashewar kai sanadin duka ko jifa. Saboda haka, mai fassara bayanin asibiti ko tafinta a kotu ya kamata ya ce yagewa ko tsagewar fata idan ya ci karo da laceration, ya bar yanka ga raunin da kaifi ya yi.