Sassaucin haraji ga ma'aikata a Najeriya

Sassaucin haraji shi ne kason kuɗin shiga da doka ta amince a cire daga albashin ma'aikaci kafin a lissafa harajin da zai biya. A Najeriya ana cire harajin albashi ne tun daga wurin aiki, a ƙarƙashin tsarin da ake kira PAYE. Harajin yana zuwa ga jihar da mutum yake zaune, ba jihar da yake aiki ba. Ma'aikacin da ke zaune a Ƙofar Ɗan Agundi, a cikin birnin Kano, harajinsa na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano ne, wato KIRS, ko da ofishinsa yana Jigawa.

Tarihi

Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 ce ta daɗe tana tsara wannan fanni. Gyaran da aka yi mata a 2011 ya kawo dunƙulallen sassauci: Naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, tare da ƙarin kashi 20 cikin 100. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026. Dokar ta soke dunƙulallen sassaucin, ta kawo sassaucin kuɗin haya, sannan ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko a shekara.

Abubuwan da ake cirewa

Ana cire gudummawar fansho, wadda ma'aikaci ke biyan aƙalla kashi 8 cikin 100 bisa dokar fansho ta 2014. Haka kuma ana cire gudummawar Asusun Gidaje na Ƙasa, da ta inshorar lafiya, da kuɗin inshorar rai. Sassaucin haya kuwa kashi 20 cikin 100 ne na hayar shekara, amma ba ya wuce Naira 500,000, kuma sai ma'aikaci ya bayyana ainihin abin da ya biya. Wanda ke zaune a gidansa ko a gidan gado ba shi da wannan sassauci.

Kuɗin da wurin aiki ya mayar wa ma'aikaci saboda abin da ya kashe a kan aikin, kamar tafiyar da aka tura shi, ba a ɗaukar sa a matsayin albashi. Cefane da sauran hidimomin gida ba sa cikin abin da ake cirewa.

Misali

A ce ma'aikaci yana karɓar Naira 2,400,000 a shekara, an cire masa Naira 192,000 na fansho, kuma yana biyan hayar Naira 300,000. Sassaucin hayarsa Naira 60,000 ne, don haka saura Naira 2,148,000. Bayan an ware Naira 800,000, ragowar Naira 1,348,000 za a caje ta kashi 15 cikin 100, wato Naira 202,200. Da bai bayyana hayar ba, da ya biya Naira 211,200. Wato sassaucin ba mayar da kuɗin haya ba ne, rage adadin da ake ɗora wa haraji ne.

Yadda ake nema

Ma'aikaci yana miƙa rasit da takardar yarjejeniyar haya ga sashen albashi na wurin aikinsa. Ma'aikata da kamfanoni suna miƙa bayanin shekara ga hukumar haraji zuwa 31 ga Janairu, ɗaiɗaikun mutane kuma zuwa 31 ga Maris.